Lambobin da Aka Kankare Daga Bayan Kibod

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina aikin gwangwan a wani fili da ke bakin babban titi, kusa da Dutsen Zuma. Duk abin da ofisoshin Abuja suka gaji da shi a wurinmu yake ƙarewa: tsofaffin fankoki, kujerun ƙarfe, injinan buga takardu, kwamfutoci da tarkacensu. Mu ne masu rarrabewa, ƙarfe gefe, tagulla gefe, roba gefe. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga a wannan sana'a shi ne ya kifa kaya kafin ya yi masa komai. Fuskar kaya kowa yana iya goge ta. A ƙasa ake ganin tsatsa, a ƙasa ake gane ko an taɓa kwance abu, kuma a ƙasa kamfani yake manna takardarsa. Hannuna ya saba da haka har ta kai ko kofi aka miƙo mini a gidan mutane sai na ji ina son in leƙa gindinsa.

Lambobi na san su tun da daɗewa, saboda sikeli. Haruffa ne ban sani ba, sai da na haura arba'in da biyar na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, wanda ake yi bayan La'asar a wata makarantar firamare a unguwar Hashimi.

A unguwar Iku nake haya. Ɗakin da ke kallon nawa na wani Ibo ne mai gyaran kwamfuta, yana da shago a cikin gari. Oga nake ce masa, shi kuma yana ce mini Alhaji, alhali ya san ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Shi ne ya fara ce mini in daina fasa tsofaffin kibod, wato allon nan mai maɓallan haruffa da ake dannawa a yi rubutu a kwamfuta.

"Alhaji, in ka ga mai nauyi, wanda in ka danna yake ƙara kamar ana ɓare gyaɗa, kar ka sa masa guduma. Kawo mini. Akwai mutane a Abuja da suke neman irinsa, sun ce na yanzu kamar danna burodi ne."

Wata Lahadi da rana, bayan ya dawo daga coci, na kawo masa guda uku a buhu. Muka zauna a gindin mangwaron tsakar gida. Ya ɗauki na farko, bai ko kalli fuskarsa ba, ya kifa shi a cinya.

Na ce, "Ashe kai ma ɗan gwangwan ne, Oga. Rigar ce kawai ta bambanta."

Ya yi dariya, ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a bayan, mai dogon layin lambobi. Ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya sa farce ya rufe na farko da na ƙarshe, ya bar guda huɗu a tsakiya.

"Waɗannan huɗun su ne ranar sunansa. Biyun farko shekara, biyun baya mako. Mako nawa ne a shekara?"

"Hamsin da biyu."

"To in ka ga biyun baya sun wuce hamsin da biyu, ba mako ba ne, kai ne ka ɓata hanya. Koma ka sake dubawa."

Daga nan ya yi ta nuna mini cewa kowane kamfani da irin tasa al'adar. Wani yakan sa shekara da lamba ɗaya tak, sai ka dubi ƙirar kibod ɗin ka gane wane zamani ake nufi. Wani harafi yake sawa a madadin wata, harafin A watan farko, B na biyu, har zuwa na sha biyu. Wani ba ya wahalar da kowa, yakan rubuta kwanan watan ƙarara. Wani kuwa lambarsa ba ta gaya maka komai, ta masu kamfanin ce su kaɗai. Sannan ya kwance ɗaya, ya nuna mini cikin murfin. A jikin robar akwai wani ɗan zagaye kamar fuskar agogo, bai fi ƙwayar gurjiya ba, da lamba ɗaya zuwa sha biyu a kewaye, da kibiya a tsakiya, da lambobi biyu a gefen kibiyar. Ya ce kibiyar tana nuna watan da aka zuba robar, lambobi biyun kuma shekara. Wannan ba manna shi aka yi ba, tare da robar aka ƙera shi.

Abin ya shiga raina fiye da yadda na zata. Na koma in ina tsinke kaya a fili sai na tsaya ina lissafa shekarun kibod, abokan aiki suna ce mini likitan bola. Zan iya cewa haruffa sha biyun farko ba a aji na riƙe su ba, a bayan kibod na riƙe su, saboda watanni.

Ajinmu mu goma sha shida ne, maza a dama, mata a hagu. Malamarmu matar aure ce mai haƙuri, da safe tana koyar da yaran firamare, da yamma ta koyar da mu, kuma Baba take ce mini. Akwai wata dattijuwa mai sayar da waina a tasha, ta girme ni da kusan shekara goma, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ce ta fi kowa zuwa da wuri, ita ce kuma ta fi kowa baki. In na makara sai ta ce, "Ga mai gwangwan nan, an tsaya auna ƙarfen mutane." Ni kuma in ce, "Hajiya, wainar jiya ce ta riƙe ni a hanya." Burinta ɗaya ne, ta ce tana son ta rubuta wa ɗanta da ke Fatakwal saƙo da hannunta, ba sai ta kira wani ya ji sirrinta ba.

A shekararmu ta biyu aka kawo wa cibiyar da ke kula da ajinmu kwamfuta goma. Wata ƙungiya ce ta ba da taimakon, wani ɗan kwangila ya kawo kayan. Aka kafa rumfa, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna. Shugaban cibiyar, wanda muke kira Yallaɓai, ya tsaya a gabanmu ya ce kayan sababbi ne dal, daga kwalinsu sai teburinmu. Ya sa aka rubuta dokoki a kwali aka kafa a ƙofa: a wanke hannu kafin a shiga, kada a ɗaga komai, kada a matsar da komai daga inda aka ajiye shi. Malama ta mai da dokokin darasin karatu, muka yi ta maimaita su da ƙarfi har muka haddace.

Ranar da na fara zama a gaban tawa kwamfutar, na danna maɓalli ɗaya na ji wannan ƙarar ta ɓarar gyaɗa. Na dubi dogon maɓallin da ke ƙasa, na ga ya yi santsi a gefen dama, daidai inda babban yatsa yake sauka. Irin wannan santsi ba a mako yake samuwa ba, sai yatsa ya shekara da shekaru yana bugun wuri ɗaya. Na bi wayar da ido, na ga bakinta zagayayye ne irin na da, an sa masa wani ɗan mahaɗi kafin ya shiga kwamfutar. Kibod ɗin kuma yana ƙamshin sabulu. Hannuna ya tafi da kansa zai kifa shi, sai na tuna da kwalin da ke ƙofa, na janye. Na ce wa kaina, mutanen da suka yi karatu sun ce sabo ne, ni da bara na koyi rubuta sunana wane ne da zan ce ba haka ba. Har yau in na tuna wannan janye hannun sai na ji haushin kaina.

Hajiya kuwa da sabulunta take zuwa a leda. Takan wanke hannu a famfo, ta goge da gefen mayafi, ta sake wankewa. In za ta danna maɓalli sai ta ɗaga yatsa sama ta sauke a hankali, kamar mai taɓa jariri. A mako na biyu ta rubuta sunan ɗanta ya fito a gilashin, ta juyo ta ce, "Mai gwangwan, zo ka ga, kar ka ce ba a gaya maka ba."

A mako na uku kaya suka fara nuna halinsu. Wani kibod ɗin in ka danna harafi ɗaya sai ya jero maka shi ashirin. Wani maɓallinsa ya shige ya ƙi dawowa. Kafin ƙarshen wata guda huɗu sun daina aiki gaba ɗaya, ciki har da na Hajiya.

Ranar wata Litinin Yallaɓai ya shigo ajinmu ba sallama. Ya ce shi dama ya faɗa tun farko, kwamfuta ba fartanya ba ce. Ya ce an kawo mana abin arziki mun kashe shi a wata ɗaya, mun kunyata shi a gaban masu taimako. Ya ce hannun da ya saba da guduma da tukunya ba a rana ɗaya yake koyon laushi ba. Muna zaune a kan bencin yara, gwiwoyinmu sun kusa taɓa ƙirjinmu, wasunmu sun haife shi. Sai ya juya wajen mata.

"Hajiya, ɗaga hannunki kowa ya gani."

Ta ɗaga, don ba ta gane inda ya dosa ba.

"Kun gani? Man waina ne. Shi ne ya bi ta tsakanin maɓallan ya kashe naki. Kin zaci tanda ce?"

Mutum biyu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don mai iko ya yi magana. Ya ce daga ranar an rufe wa ajin manya ɗakin kwamfuta, za a bar sauran shidan ga matasa waɗanda suka san darajarsu, kuma kwamitin cibiya zai zauna nan da mako biyu ya tabbatar da hukuncin.

Hajiya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma mayar masa da magana ba, ita da ba a gama faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku. Ta rufe littafinta, ta sa shi a ledar da sabulun yake, ta gyara mayafi ta fita. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Ni mutum ne mai haƙuri, duk wanda ya san ni zai faɗi haka. An sha zagina a bakin aiki na yi shiru. Amma ranar nan da ƙafa na taka daga Hashimi har Iku, ban hau mashin ba, saboda na san in na zauna a bayan mutum zan yi ta magana ni kaɗai ya ɗauka na zare. Da ya ce kaya sun lalace, a yi haƙuri, da ba wanda zai ji komai. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda ya dubi ajin nan ya zaɓi wadda ta fi kowa kiyayewa, ya sa ta ɗaga hannun da take ci da 'ya'yanta da shi, don ya tabbata ba za ta iya kare kanta ba. Ya san ba mu san kwamfuta ba, shi ya sa ya san duk abin da ya ɗora mana zai zauna.

Malama tana da mabuɗin ɗakin, don ita take share ƙura ranar Alhamis. Na same ta bayan an tashi na ce ta bar ni in shiga minti goma.

"Baba, kar ka ja mini magana. Ka ji abin da ya ce."

"Ba zan kunna komai ba, Malama. Kifawa kawai zan yi."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban hanya. Na kifa na farko, ga takardar nan a manne, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Wanda ya wanke su ya goge fuska har tana ƙyalli, bai damu da baya ba, don ya san mutanen ofis ba sa kifa kaya. Na buɗe littafin aikina na gida, na ja layi goma, na kwafe lambar kowanne daidai da teburin da yake. Hannuna ba shi da sauri a rubutu, minti goman ta zama kusan arba'in, Malama tana ta cewa, "Baba, don Allah." Na duba kowane layi sau biyu.

Da na koma gida na zauna na warware su ni kaɗai tukuna, sannan na kai wa Oga ya duba. Takwas sun karantu. Mafi ƙuruciya a cikinsu an yi shi ne a mako na sha bakwai na shekarar da aka haifi 'yata ta fari, wadda yanzu take goyon ɗanta na biyu. Biyu kuma na wani kamfani ne da ban san tsarinsa ba, shi ma Oga bai sani ba.

Na ce, "Ai daga gani su ma tsofaffi ne. In ce duka goman kawai."

Ya ce, "A'a, Alhaji. Ka ce takwas. In ka faɗi abin da ba ka sani ba a kan biyu, da shi za su ƙaryata ka a kan takwas ɗin."

A nan na yi kuskure na biyu, bayan na janye hannun nan. Na nuna wa Malama littafin, na yi mata bayani. Ita kuma da zuciya ɗaya ta je ta gaya wa Yallaɓai, tana ganin in ya ji zai janye maganarsa tun kafin kwamiti ya zauna, a huta. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka na zata.

Ranar zaman kwamiti aka buɗe ɗakin kwamfuta. 'Yan kwamitin su uku ne, shugabansu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin ofis, mai farin gemu da tabarau a aljihu. 'Yan ajinmu suka tsaya a baranda suna leƙe ta taga. Yallaɓai ya maimaita maganarsa, har da ta man waina, ko da yake mai wainar ba ta wurin. Da ya gama, dattijon ya ce ko akwai mai magana a cikin ɗalibai. Na ce akwai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan ba sababbi ba ne. Shekarunsu suna rubuce a bayansu."

Na kifa na teburin farko. Ba takarda. Sai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran robar haske, da ragowar gam, da warin kananzir. Na kifa na biyu, haka. Na bi su har goma, duk an kankare. Na sa yatsa a wurin, gam ɗin bai ma gama bushewa ba.

Ban ga wanda ya kankare ba, don haka ba zan ce wane ne ba. Abin da na sani shi ne mabuɗin ɗakin guda biyu ne, ɗaya a wurin Malama, ɗaya a wurin Yallaɓai, kuma Malama da ta ga bayan kibod ɗin sai da ta dafe bango.

Yallaɓai ya ce, "Ina rubutun yake, malam? Ko mu ne ba mu iya karatu ba?"

Na miƙa wa dattijon littafina, na ce ga lambobin nan na kwafe su kafin a cire. Yallaɓai ya leƙa ta kafaɗarsa ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah bara ya koyi A da B. Lambobi kuwa ko jikana zai iya cika littafi da su. A bola yake aiki, komai ya gani bola yake gani."

A aljihun rigata akwai sukudireba, ba don wannan rana na zo da ita ba, kullum tana nan kamar yadda biro yake a aljihun malami. Na ciro ta, na ɗauki kibod ɗin teburi na huɗu, na Hajiya.

Yallaɓai ya ɗaga murya. "Kar ka kuskura ka kwance kayan cibiya!"

Dattijon ya ce, "Bar shi mana. Ba kai ka ce wannan ya mutu ba? Me zai ƙara masa?"

Na kwance sukurori shida na jera su a tebur. Da na ɗaga murfin sai da na kusa da ni suka ja da baya. Ƙura ce ta dunƙule kamar auduga, da gashi, da ƙananan ƙarafan maƙale takarda sun yi tsatsa, da wani busasshen tabo baƙi ƙirin da ya malale rabin allon, na shayi ko kofi da wani ma'aikaci ya zubar a wani ofis da ba mu taɓa gani ba. Ta nan tsatsa ta bi ta cinye layukan wutar. Na ce wa dattijon ya taɓa ya ji ko akwai maiƙo. Ya shafa, ya murza yatsunsa, ya ce babu.

Sannan na juya murfin na nuna masa ɗan agogon da ke jikin robar. Na ce kibiyar wata take nunawa, lambobi biyun nan shekara. Ya sa tabarau, ya kai murfin bakin taga, ya daɗe yana dubawa. Ya dawo ya buɗe littafina a layi na huɗu, ya ce in nuna masa inda shekarar take a cikin lambar. Na sa farce na rufe na farko da na ƙarshe, kamar yadda Oga ya yi mini a gindin mangwaro. Shekarar littafin da ta jikin robar ɗaya ce.

Ya ce, "Ikon Allah. A shekarar nan ko furfura ban fara ba."

Ya sa na kwance na teburi na bakwai, da na tara. Duk suka yi daidai da littafin. Ya tambaye ni ko duka goman haka suke, na ce takwas na sani, biyu ban iya karanta lambarsu ba, sai dai in an buɗe. Ya dube ni, ya ce ba sai an buɗe ba.

Daga baranda wani ɗan ajinmu, direban tifa, ya ce, "Yallaɓai, ashe kibod ɗin ma ɗan ajin manya ne!" Aka kwashe da dariya, wannan karon ta gaske.

Kwamiti ya ce a buɗe mana ɗakin daga ranar. Na ɗauka daga nan za a juya ga maganar Hajiya. Sai Yallaɓai ya gyara hula ya ce an samu rashin fahimta, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa, kuma zai tuntuɓi ɗan kwangilar. Dattijon ya ce to madalla, a bar maganar a nan, kada ta fita waje masu taimako su ji su fasa. Aka yi addu'a aka tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, saura matar da aka sa ta ɗaga hannu." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi ƙoƙari, malam. A yi haƙuri."

Ban sani ba ko Yallaɓai ya san tsofaffi ne tun ranar da aka kawo su, ko shi ma rufe shi aka yi. Tsufansu ma ba shi ne ya dame ni ba. Tsohon kibod in an kula da shi ya fi sabo ƙarko, ni ne shaida. Da an ce mana ga na hannu an samo muku, da mun karɓa mun gode, da ni da kaina na buɗe su na share tun ranar farko. Haka na yi daga baya. Ni da Oga muka kwashe Asabar biyu muna wankewa, na samo wasu a filinmu muka cire maɓallai muka musanya. Uku daga cikin huɗun suka tashi, na huɗun muka maye gurbinsa da wani da na tsinto, wanda ya girme su duka kuma har yau bai taɓa yin gardama ba. Shi na ajiye a teburin Hajiya.

Bayan mun gama gyaran, wata Talata da safe na je tasha na same ta a gaban tanda, tana juya waina da tsinke. Na gaishe ta, na ba ta labari tun daga kananzir har tabon shayi. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da na kai wurin direban tifa ta ɗan yi murmushi.

Na ce, "An buɗe ɗaki, Hajiya. Na gyara miki naki. Yau Talata."

Ta ce, "Ya faɗa a aji cewa ba ni ba ce?"

"Kwamiti ya gani da idonsa. Kowa ya sani."

"Ban tambaye ka kowa ba, mai gwangwan. A gaban mutum sha biyar ya sa na ɗaga hannu. Ya tsaya a gaban sha biyar ɗin ya ce ba man waina ba ne. Ranar da ya faɗa, aiko mini, ko ina tsakiyar suya zan bar tandar in zo."

Ta zuba mini waina biyar a takarda, ta ce in tafi kar in makara wajen auna ƙarfen mutane.

An shiga wata na bakwai ke nan da faruwar abin. Mu sha biyar muna shiga ɗakin kwamfuta ranar Talata da Alhamis, wannan rubutun ma a teburi na uku na fara shi, da yatsa biyu. Teburi na huɗu ba wanda yake zama a kai, ba wai an hana ba ne, haka kawai 'yan ajin suka bar shi. Duk ranar Litinin nakan zo da wuri in tsaya a bakin ƙofar makaranta har motar Yallaɓai ta iso. In gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi iyali, sannan in ce, "Yallaɓai, maganar Hajiya fa?" Yakan ce za a duba. Makon da ya wuce bai ma sauke gilashi ba, sai na ƙwanƙwasa masa a hankali har ya sauke, na tambaye shi.